Facin Auta na Tara

Ranar Asabar ce, kuma na rubuta ta a takarda tun cikin makon farko, kafin zuciya ta fara yi mata gyare-gyare. Ni mai haɗa magunguna ce, shekara talatin da ɗaya a kan aikin. Abin da ban rubuta shi da lokacinsa ba, ban cika yarda da shi ba.

Ƙarfe bakwai saura kwata Auta ta shigo kicin da gashi a hargitse, ta ɗora ruwan shayi, ta tsaya a kan butar kamar kallo ne zai tafasa ta. Ta zuba mini, ta zuba wa kanta, ta manta da babanta. Daga falo ya ɗaga murya.

"Wai ni ɗan haya ne a gidan nan?"

"Baba, likita ya hana ka sukari."

"Sukari ya hana ni, bai hana ni ruwan zafi ba."

Ƙarfe takwas ta kunna Tsohuwa. Haka take kiran wata kwamfuta mai launin toka da ta saya a wajen masu tsofaffin kaya, ta tura ƙarƙashin teburinta. Mutum ɗaya ba ya ɗaga ta sai da nishi. Fankar cikinta tana ƙara kamar injin niƙa, kuma sai ta ci minti goma sha ɗaya kafin ta farka. Babanta ya ce an tada jirgi, kowa ya ɗaura bel. Kullum haka yake faɗa, kullum tana yin kamar ba ta ji ba.

Ƙarfe goma na kai mata wankinta. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, ƙaramar kwamfutarta a cinya, ta ciji murfin biro.

"Na taran ne har yanzu?" na tambaye ta.

"Shi ne, Mama. Mai Gadi ya ce bai gamsu ba. Abin haushin kuma, yana da gaskiya."

Sai na ɗan tsaya a nan in yi bayani. Aikin da ake biyan Auta dominsa daban yake: wani ƙaramin kamfani ne mai sa wa ofisoshi intanet, tana hawa tsani tana jan waya cikin silin. Wannan na ɗakinta kuwa ba wanda ya sa ta. Akwai babbar manhaja mai tafiyar da kwamfutoci da akwatunan raba intanet, wadda ba mallakar kowa ba ce. Dubban mutane ne daga ko'ina ke gina ta, suna aika gyare-gyarensu ta imel zuwa wani zaure da kowa zai iya karantawa. Kowane gyara faci suke ce masa, kamar na taya. A samansa akwai layi ɗaya mai sunan wanda ya yi shi, a ƙasa kuma layin da ya sa hannu. Idan aka karɓa, sunan ya zauna ke nan cikin tarihin manhajar. Wannan layin shi ne duk ladan aikin.

Auta ta zaɓi lungun da ba mai so, ɓangaren da ke magana da katin waifai. Ta taɓa zana mini matsalar a bayan takardar magani. Ta ce lamba a cikin kwamfuta ba ta zama a gida ɗaya, gida biyu take ci, ko huɗu. Wasu injunan suna fara ajiye babban ɓangarenta, wasu ƙaramin. Katin waifai ƙarami yake sawa a gaba, yawancin kwamfutocin yanzu ma haka suke karantawa, don haka ko mai rubutun ya manta da juya lambar, ba wanda zai gani. Tsohuwa kuwa daga babba take farawa.

"Katin ya ce ɗaya, ita ta ji ɗari biyu da hamsin da shida," in ji ta.

Na ce a wurinmu wannan sunansa kisan kai.

"Kin gane ke nan. Kuma ba Tsohuwa kaɗai ba ce. Akwatin intanet ɗin ƙaramin asibitin da muka yi wa aiki bara, irin kanta gare shi. Kowane minti ashirin sai ya yanke. Sun canja waya, sun canja soket, saura kaɗan su canja ma'aikaci."

Akwai manhajar dubawa da ke yin gargaɗi duk inda aka ɗauki lamba ba a juya ta ba. Mutum yana iya gyara wurin. Yana kuma iya rubuta kalma guda da za ta rufe bakin gargaɗin, cutar tana nan daram. Auta ta tsani wannan kalmar. Ta ce kamar mutum ya zare batirin ƙararrawar gobara ne don ya samu barci.

A watan ta aika faci goma sha biyu a jere. Mai Gadi, wato mutumin da ke kula da ɓangaren, wanda ba abin da ke wucewa sai da yardarsa, ya dawo mata da su sau uku. Na farko saboda wani layi ya zarce da harafi biyu. Na biyu saboda tsarin kanun wasiƙa. Na uku ya yi tambaya ta gaske a kan na tara. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma tana kwaikwayon muryar da ta ƙirƙira masa idan tana wanke kwano.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta ci shinkafa a tsaye. Yayanta ya kira daga garin da yake aiki, ta sa wayar a lasifika.

"Autar Mama, har yanzu duniya kike yi wa bauta kyauta?"

"Yaya, ka fara koyon haɗa firintar ofishinku, sannan mu yi magana."

"Wannan firintar aljanu gare ta."

"Takarda ce babu a ciki. Na rantse takarda ce."

Ƙarfe uku da minti ashirin na ji ihunta. "Mama! Ta kama!" Na je na tarar tana rawa a zaune. Ta ce a wata hanya ana juya lambar sau biyu, ta koma yadda take, a wata hanyar kuma ba a juya ta sam. Kuskuren biyu suna rufa wa juna asiri har sai babban saƙo ya zo.

"To aika masa mana, ya sarara miki."

"A'a. Sai ta kwana tana aiki. Gobe in na tarar ba ta yanke ba, sai in aika."

Ni na koya mata wannan. Ba na miƙa haɗin magani sai na ajiye shi, na juya baya, na sake dubawa da sabon ido.

Ƙarfe biyar muka fita sayen ƙwan fitila da sabulu. Ta sa mai shagon ya gwada ƙwan a gabanta, ya ce mata ai ko hukuma ba ta yi masa haka. Ƙarfe bakwai ta ƙara wa babanta girman rubutun wayarsa, ya ce idonsa lafiya lau, masu wayar ne suka rage. Takwas da rabi ta ce mana sai da safe.

Lahadi, ƙarfe bakwai da minti goma, ta ce kanta yana sarawa, ta zauna a ƙasan kicin. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Kafin tsakar rana an rufe mata fuska. Shekararta ashirin da bakwai. Tsohuwa ta ci gaba da ƙugi a ɗaki har kwana uku, sai da babanta ya shiga ya zare wayar daga bango.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa Auta mai haƙuri ce. Ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma ba na son a canja mini ita. Ba ta taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Ta ɓatar da makullin gida sau biyar. Ƙwai ma in ta soya sai ya kama. Direban tasin da ya taɓa yi mata rashin kunya, bayan shekara biyu ta gane shi ta ƙi shiga motarsa cikin ruwan sama. A jami'a ta karanci lantarki, sakamakonta matsakaici ne. Amma tana aji biyar na firamare ta mayar wa malami takardar jarrabawa saboda ya yi kuskure ya ba ta maki biyu da ba nata ba, shi kuma ya ɗauka raini ne, har sai da na je makarantar. Abu ya zauna a inda ba wurinsa ba, shi ne abin da ba ta iya gani ta wuce. A shekara huɗu an karɓi facinta sittin da uku. Ba ta taɓa faɗa wa kowa yawansu ba. Ni na ƙirga daga baya.

Imel ɗinta a buɗe yake a ƙaramar kwamfutar. Kwana goma sha biyu da rasuwarta Mai Gadi ya rubuto layi ɗaya, yana neman facin da za ta sake aikawa karo na huɗu: "Ina zubi na huɗu?" Na gani, ban iya amsawa ba. A kwana na ashirin da shida inji ya rubuto cewa an sa wa facinta alamar wanda aka yi watsi da shi.

A kwana na talatin da uku abokin aikinta ya zo gida. Injiniya suke ce masa, mutum ne mai 'ya'ya uku, shi yake riƙe mata tsani. Ya gaishe ni, ya ƙi zama, ya shimfiɗa takardu a kan teburin cin abinci, layi biyu.

"Mama, ki duba da kanki. Hagu nata ne, dama na wani ne."

Wani ma'aikacin kamfanin da ke ƙera katin ne ya aika faci goma sha biyu zuwa zauren. Ban iya karanta rubutun manhaja ba, amma na iya gwada takarda da takarda, aikina ke nan. Na bi su da rula, layi bayan layi. Sha ɗaya daga ciki babu bambanci ko na ɗigo, har bayanin da ke saman kowanne, har jerinsu. Abu biyu kawai suka canja: sunan da ke sama da sa hannun da ke ƙasa. Na tara ne kaɗai ya bambanta. Ya gajarce, kuma kalma ɗaya ta maimaitu a cikinsa sau huɗu.

"Wannan ita ce mai rufe bakin gargaɗi?"

Injiniya ya dube ni. "Ta gaya miki ke nan."

"An karɓa?"

"Mai Gadi ya karɓa jiya. Amma suna hannunsa tukuna. Kafin ya tura su sama, yana iya gyara sunan cikin minti biyu."

A ranar na rubuta wa zauren. Na faɗi ko ni wace ce, na faɗi ranar da ta rasu, na haɗa da hotonta da takardar shaidar mutuwa. Cikin minti ɗaya inji ya dawo mini da wasiƙar: zauren ba ya karɓar hoto ko rubutu mai ado. Injiniya ya nuna mini yadda ake aika rubutu tsura. Na sake aikawa, na kawo ranakun da ta tura nata, na roƙi abu ɗaya, a mayar da sunanta.

Amsa biyu na samu. Wani da ban sani ba ya rubuto mini ni kaɗai, ya yi mini ta'aziyya a layin farko, a layi na biyu kuma ya ce a zauren ana rubuta amsa a ƙarƙashin maganar da ake amsawa ne, ba a samanta ba, in kiyaye nan gaba. Ma'aikacin kamfanin kuma ya ce aikin an riga an yi watsi da shi, ɗaukar irinsa ba sabon abu ba ne, kuma shi ya sake gwada komai a kwamfutarsa, yana aiki lafiya. Mai Gadi bai ce uffan ba. A cikin kwanakin nan ina ganinsa a zauren yana amsa wa wasu, har yana gyara wa wani yawan tazarar da ya bari a farkon layi.

Kwana goma sha tara na jira. Kowace safiya kafin in tafi aiki sai na duba, kowace yamma in na dawo sai na duba.

Yayanta ya ce in bar shi ya watsa maganar a intanet, ya tara wa mutumin jama'a. Na hana. Ba hayaniya nake so ba, ta kwana biyu ce. Layin nake so. Babanta kuwa, wata Juma'a da na dawo na tarar ya fitar da Tsohuwa baranda, an naɗe wayoyinta an ɗora a kai.

"Malam, me wannan take yi a waje?"

"Mai sayen ƙarfe zai zo gobe."

"Da izinin wa?"

"Ba na iya wucewa ta ƙofar ɗakin nan ina ganinta." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ki bar maganar nan haka. Suna a cikin inji, wa zai gani? Zai dawo mana da ita?"

"Ba zai dawo da ita ba. Amma in wani ya kankare sunanka a takardar digirinka ya rubuta nasa, za ka ce wa zai gani?"

"Ni ina raye."

"Shi ya sa kai za ka iya bari. Ita ba ta da bakin da za ta ce ta bari."

Da ya ga na sunkuya zan ɗaga ta ni kaɗai, ya ce, "Bayanki, ke kuma," ya kama ɗaya gefen.

Da na ba Injiniya labari, ya ce, "Mama, mutanen nan ba sa jin kuka. Abin da ya lalace kawai suke ji. Shi ma'aikacin kamfanin a irin kwamfutar kowa ya gwada, inda cutar ba ta nunawa. Mu tambayi Tsohuwa."

Washegari bayan azahar muka zauna a ɗakinta. Ya nemo zubi na huɗu a ƙaramar kwamfutar: yana nan a shirye, da sunanta a sama, da sa hannunta a ƙasa, da kwanan watan Asabar ɗin, ƙarfe uku da minti arba'in da ɗaya. Na ce masa gwaji uku za mu yi, kowanne sau uku: yadda manhajar take a da, da facin mutumin, da na Auta. Shi yana dannawa, ni ina riƙe da agogo da littafi. Kowane zagaye sai mun jira minti goma sha ɗayan nan.

Da facin mutumin, Tsohuwa ta kama intanet, ta yi daƙiƙa arba'in da biyu, ta sandare. Karo na biyu arba'in da huɗu. Na uku talatin da tara. Ta fi yadda take a da muni, don a da yankewa kawai take yi, yanzu injin gaba ɗaya ke tsayawa. A allon, a wurin da ya kamata a ga ɗaya, Injiniya ya sa yatsa ya nuna mini ɗari biyu da hamsin da shida. Da facin Auta muka tura manyan saƙonni awa biyu, ba ta ko yi tari ba.

Ni na rubuta rahoton, kamar yadda nake rubuta rahoton maganin da ya yi wa majinyaci illa. Irin injin, irin katin, abin da aka yi, abin da aka gani, sau nawa. Layi goma sha ɗaya. Ban ambaci 'yata ba, ban ambaci mutuwa ba. Na sa shi a ƙarƙashin maganar da nake amsawa.

Minti talatin da takwas, Mai Gadi ya amsa.

"Madalla da wannan rahoto. Akwai gyara?"

Kafin dare ya raba mutum bakwai sun shigo maganar. Ɗaya yana tambayar wace shekara aka ƙera injin, wani yana murnar cewa har yanzu akwai mai irinsa. Na zauna ina kallon wasiƙun suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Na amsa masa: akwai gyara. Wadda ka tambaya ina zubi na huɗu ta gama shi kwana ɗaya kafin ta rasu. Ga shi. Ni ce mahaifiyarta, wadda ta rubuto maka kwana ashirin da suka wuce. Ina sake roƙon a mayar da sunanta a kan sauran sha ɗayan.

Wannan karon ya rubuto doguwa. Ya ce ya ga wasiƙata tun ranar da ta zo. Ya ce bai san me zai ce wa uwa ba, sai ya ajiye ta gefe har ya samu kalmomin da suka dace, aiki kuma ya taso. Ya ce kwana shida da suka wuce ya tura facin sha biyun zuwa babbar ma'ajiya, kuma abin da ya shiga can ba a sake taɓa tarihinsa, domin dubban mutane sun riga sun ɗora aikinsu a kai. Ya ce laifinsa ne. Ya ce Auta tana cikin mutum uku ko huɗu da yake karanta facinsu ba tare da fargaba ba.

Na lissafa. Kwana goma sha huɗu wasiƙata ta yi a gabansa facin suna hannunsa. Ban nemi kalmomin da suka dace ba. Gyaran minti biyu na nema, daga mutumin da ya mayar wa 'yata aikin wata guda saboda harafi biyu. Kuma abin da ya faɗa a kanta a ƙarshe, shekara huɗu yana da adireshinta.

Ma'aikacin kamfanin ya ba da haƙuri a layi ɗaya. Ya ce a wurinsu ana duba yawan facin da mutum ya shigar a shekara, ya yi gaggawa. Ban amsa masa ba.

Faci na tara ya shiga bayan kwana huɗu. Sunan Auta ne a sama. A ƙa'idarsu duk wanda ya miƙa aikin wani sai ya sa hannu a ƙarƙashin mai shi, don haka akwai layi uku a ƙasa: nata, nawa, na Mai Gadi. A cikin bayanin ya ƙara jimla biyu, cewa sauran sha ɗayan ma aikinta ne, da inda za a samu asalinsu. Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin sha ɗayan nan, sunan wancan zai gani. Sai wanda ya bi ta kan na tara ne zai san gaskiya. Babanta ya tambaye ni ko yanzu hankalina ya kwanta. Na ce masa ɗaya cikin sha biyu na samu, kuma ban ga dalilin kiransa da wani suna ba.

Bayan haka ne na iya taɓa kayanta. Tufafin na raba wa 'ya'yan ƙanwata, ban da rigar aikinta mai aljihu shida, wadda yayanta ya ɗauka bai tambayi kowa ba. Jakar kayan aiki da na'urar gwada waya na kamfani ne, Injiniya ya mayar, ya dawo mini da kofinta da ya samu a ofis. Littattafan lantarki na kai ɗakin karatu na unguwa. Ƙaramar kwamfutar tana wurin yayanta, bayan an kwafe mini duk abin da ke ciki. Kujerarta babanta ya ja zuwa falo, ya ce ta fi tasa daɗin baya.

Mai Gadi ya rubuto yana tambaya ko zan aika masa da Tsohuwa, tunda a cikinsu babu sauran mai irinta haɗe da wannan katin. Ya ce zai kula da ita. Na ce a'a. Na ce duk mai faci a wannan ɓangaren ya aiko, za a gwada masa a nan, sau uku, a ba shi amsa cikin kwana biyu, ko mai daɗi ko marar daɗi. Injiniya ya rubuta mini matakan a kwali, na manna a bango. Zuwa yau na gwada tara, biyu daga cikinsu na ma'aikacin kamfanin ne. Ɗaya ya wuce. Ɗayan na mayar masa.

Takardun da Injiniya ya shimfiɗa a teburin cin abinci, na dama na yaga na zuba a shara. Na hagu na jera su daga ɗaya zuwa sha biyu, na huda, na sa a fayil mai kore, na ajiye a durowar da takardun haihuwar yaran suke.